Buɗe rukunonin ma'aikata ba da hannu ba a dandalin tikiti: fom, kundin ma'aikata, sikirif ko jadawali?

Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar dandalin kula da ayyukan fasaha, ServiceNow ne ko Jira Service Management ko Freshservice ko GLPI, ya san irin saƙon nan: «Don Allah a buɗe mana sabon rukuni, mu shida ne, ga sunayenmu.» Ka shiga ka rubuta suna, ka nemo manaja, ka zuba mutane, ka ba su hurumi. Aikin minti goma ne, shi ya sa ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci. Sai bayan shekara biyu ka buɗe jerin rukunoni ka tarar da «Tallafin Sadarwa», «Tallafin-Sadarwa» da «Sadarwa Tallafi Sabo», ukun duk a raye, biyu daga ciki manajansu ya daɗe da barin aiki, tikiti kuwa, wato ƙorafe-ƙorafe da buƙatun da mutane ke shigarwa, suna ta faɗawa cikin wanda ba kowa a ciki.

A nan ne tunanin a bar na'ura ta riƙa buɗe rukuni da kanta yake zuwa. Hanyoyin da aka saba bi huɗu ne. Zan fi kawo misali da ServiceNow domin a can sassan suka fi fitowa fili, amma dabarar ɗaya ce a sauran dandalin.

Kafin a je ga hanyoyin, a gane abin da ake ƙirƙira. A ServiceNow rukuni ba abu ɗaya ba ne. Shi kansa rukunin yana cikin teburin sys_user_group, da sunansa da manajansa da adireshin imel da nau'insa da rukunin da yake ƙarƙashinsa. Mambobi suna cikin wani teburin daban, sys_user_grmember. Hurumin da aka ba rukunin kuma yana cikin sys_group_has_role. Ke nan in an ce «an buɗe rukuni», ana nufin an rubuta a wuri uku. Yawancin rikicin da ake samu yana tasowa ne daga hanyar da ta iya ɗaya ko biyu ta bar na ukun.

Abin da za a auna

Kuɗi shi ne na farko, kuma fuska biyu gare shi. Akwai kuɗin kayan aikin, wato lasisin da za a ƙara saya da lokacin wanda zai gina. Akwai kuma wanda mutane ke mantawa: yawancin dandalin nan suna cajin masu warware tikiti ne, ba masu shigar da ƙorafi ba. A ServiceNow wanda aka ba hurumin itil, wato na masu warware tikiti, ya shiga lissafin masu lasisi, a Jira Service Management ma wakili ake biya wa. Rukunin da ke ɗauke da irin wannan hurumi, duk wanda ya shiga cikinsa ya zama abin biya. Na'urar da ke zuba mutane ba tare da tambaya ba tana iya kumbura takardar kuɗi ba wanda ya lura.

Na biyu ƙarko: shin abin zai ci gaba da aiki bayan an sabunta dandalin, bayan an sake fasalin ma'aikata, bayan wanda ya gina ya tafi? ServiceNow na fitar da babban sabuntawa sau biyu a shekara, saboda haka wannan ba tambayar wasa ba ce. Na uku sauƙi, ga mai ginawa da kuma ga mai nema. Na huɗu haɗari: in abin ya yi kuskure, rukuni nawa zai ɓata kafin a farga, kuma ana iya gyarawa?

Akwai tambaya ta biyar da a ganina ta fi huɗun nauyi: wa ke da maganar ƙarshe a kan rukunin? In kundin ma'aikata, wato rumbun da ke riƙe asusun shiga na duk ma'aikata, ya ce mutum biyar ne, dandalin ya ce bakwai, na wa za a bi? Wanda bai amsa wannan ba, duk hanyar da ya ɗauka zai dawo yana gyara da hannu.

Fom da matakan amincewa a cikin dandalin

A nan ana gina fom a Service Catalog, shafin ServiceNow da mutane ke neman hidima ta cikinsa. Mai nema ya cike sunan rukuni, dalilin buɗe shi, manaja, mambobin farko da hurumin da ake so. Daga nan Flow Designer, kayan tsara matakan aiki na ServiceNow, ya karɓa: ya duba ko akwai mai irin sunan, ya tura wa wanda ya dace ya amince, ya rubuta a teburan nan uku, ya sanar da mai nema. A Jira ana yin makamancin haka da nau'in buƙata da dokokin sarrafa kai, sai dai matakin buɗe rukunin yakan buƙaci a kira ƙofar API ta Atlassian, kamfanin da ke da Jira, wato ƙofar da wata manhaja ke aiko da umarni ta ciki.

Ta fuskar kuɗi wannan ce mai sauƙi matuƙar aikin bai fita daga dandalin ba, domin Flow Designer yana cikin abin da aka riga aka saya. Ranar da ka ce fom ɗin ya je ya buɗe irin rukunin a Active Directory ko Entra ID, wato kundin ma'aikata na Microsoft, ka shiga hurumin IntegrationHub, sashen da ke haɗa ServiceNow da wasu manhajoji, wanda ake biya daban. Ta fuskar ƙarko kuwa ita ce ta fi daɗewa ba ta ba da ciwon kai ba, tunda matakan a zane suke, wanda ya gaje ka zai buɗe ya karanta ko bai ƙware a rubuta shiri ba.

Abin da ya sa nake son wannan hanya ba saurinta ba ne, tambayoyin da take tilasta wa mutane amsawa ne. Fom ba ya wucewa sai an sa manaja. Sunan ma ba a barin mai nema ya rubuta yadda ya ga dama: ya zaɓi sashe, ya zaɓi aiki, ya zaɓi yanki, na'ura ta haɗa sunan. Haka kawai ya kashe matsalar sunaye uku ga aiki ɗaya. Kuma kowane rukuni yana da tikitin da ya haife shi, ranar da masu binciken tsaro suka tambayi wa ya amince a ba waɗannan mutane wannan hurumi, amsar tana nan a rubuce.

Haɗarinta yana wuri biyu. Na farko, Flow Designer yana tambaya da sunan wa matakan za su gudana, da sunan mai nema ko da sunan tsarin kansa. Mai nema ba shi da ikon buɗe rukuni, saboda haka kusan kowa tsarin yake zaɓa. To tsarin ba ya jin kunyar ba da kowane hurumi. In ka bar wurin zaɓen hurumi a buɗe, wani zai nemi rukuni mai ikon admin, manajan da ke sauri ya danna amincewa. Maganin shi ne jerin hurumin da fom ke nunawa ya zama gajere, waɗanda ke jawo lasisi kuma su bi ta hannun mai amincewa na biyu. Na biyu kuma, fom yana haifar da rukuni ne kawai, ba ya raino. Mutum ya canja sashe, fom bai sani ba.

Ga wani tarko da ke kama sababbi. Rukuni a ServiceNow bayanai ne, ba saiti ba, don haka Update Set, ƙunshin da ake kwashe saiti da shi, ba ya ɗaukarsa daga dandalin gwaji zuwa na aiki. In matakanka suna nuni da rukunin masu amincewa da ka buɗe a gwaji, sannan ka je na aiki ka sake buɗe mai irin sunan da hannu, lambar shaidarsa, sys_id mai haruffa 32, ta bambanta. Buƙata za ta tsaya tana jiran amincewar rukunin da babu shi.

A bar kundin ma'aikata ya jagoranta

Hanya ta biyu ta ce rukuni ba a dandalin tikiti ake haifarsa ba, a kundin ma'aikata ne, dandalin kwafa kawai yake yi. Tsohuwar hanyar ita ce LDAP, ƙa'idar karanta kundi: dandalin ya riƙa karanto rukunoni daga Active Directory a kan lokaci, ta hanyar MID Server, wata manhajar ServiceNow mai shiga tsakani da ke zaune cikin hanyar sadarwar ma'aikata in ba a son buɗe ƙofa ga waje. Sabuwar kuma ita ce mai ba da shaida, wato tsarin da ke tantance masu shiga, irin Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, ko Okta, ya riƙa turo rukunoni da mambobi da kansa. Yawancin irin wannan turowa a kan ƙa'idar SCIM take, wadda aka fitar da sigarta ta 2.0 a 2015.

Ƙarfin wannan hanya a mambobi yake, kuma ba wadda ta kama ƙafarta a nan. An sallami ma'aikaci, an rufe asusunsa a kundi, ya fita daga rukunonin dandalin ba tare da kowa ya buɗe tikiti ba. An canja wa wata sashe, ta bar tsohon rukuni ta shiga sabo. Entra yana zagayowa kusan kowane minti 40, wanda ya isa ga yawancin buƙatu. Ta fuskar tsaro wannan babban abu ne, domin wanda ya bar aiki amma har yanzu yana ganin tikiti masu ɗauke da bayanan mutane shi ne irin ɓarakar da ake daɗewa ba a gani ba.

Kuɗinta ya danganta da abin da ke hannu. Ba da manhaja ga rukuni gaba ɗaya a Entra, da rukunonin da ke cika kansu bisa ƙa'ida, suna buƙatar lasisin Entra na matakin P1 ko sama. A ɓangaren Atlassian, turo rukunoni ta SCIM yana buƙatar Atlassian Guard, wanda ake biya bisa yawan mutane. Ma'aikatar da ta riga ta mallaki waɗannan kusan kyauta ta samu. Wadda ba ta da su kuwa, saya don rukunoni kaɗai bai cancanta ba.

Inda take da rauni shi ne kundin ma'aikata bai san aikin tikiti ba. Ya san suna da mambobi. Bai san wane rukuni ne ke karɓar matsalar firinta ba, bai san hurumin da ya dace ba, sau da yawa ma wanda aka rubuta a matsayin mai rukunin a kundi ba shi ne manajan da dandalin ke so ba. Rukuni yakan iso tsirara, sai wani ya tufatar da shi, da hannu ko da wasu matakai na daban. Ban da haka, Entra ba ya bin rukuni cikin rukuni wajen turowa, mambobin kai tsaye kawai yake gani. Ma'aikatar da ta gina kundinta hawa-hawa za ta ga rukuni ya iso ba kowa a ciki, ta yi ta neman laifin dandalin alhali ba nasa ba ne. A Atlassian kuma rukunin da aka turo ba a iya gyara mambobinsa daga ciki, dole a koma kundi. Wannan daidai ne a ƙa'ida, amma yana nufin ƙaramin gyara ya koma hannun wata tawagar da nata layin jira.

Haɗarin da ya fi tsorata ni shi ne faɗin tacewa. Na taɓa ganin wurin da aka haɗa LDAP aka nuna masa tushen kundin gaba ɗaya maimakon reshen da aka ware. Gari ya waye jerin rukunonin da ake tura wa tikiti ya cika da rukunonin raba imel da na izinin manyan fayiloli, har da na ɗakunan taro. Mai karɓar kira yana neman tawagar sadarwa, sunaye masu kama da juna suna ta fito masa. Kwashe su ya ɗauki lokaci fiye da haɗawar, domin kafin a farga wasu tikiti sun riga sun shiga cikinsu. Wani abin lura kuma: a ɗaura daidaitawa a kan lambar da ba ta canjawa, irin objectGUID, ba a kan suna ba. In a kan suna ne, ranar da aka canja wa rukuni suna a kundi dandalin zai ɗauka sabo ne ya buɗe na biyu, tsohon ya zauna da tikitinsa.

Sikirif ta ƙofar API

Ta uku ita ce a rubuta ɗan shiri, da Python ko PowerShell, ya riƙa aika umarni zuwa Table API na ServiceNow ko makamancinsa a wani dandalin. Ba abin da ba za ta iya ba. Duk sanda aka buɗe sabon aiki a wata manhajar, ko aka ƙara sabon abokin ciniki, shirin ya buɗe rukunoni uku masu tsari ɗaya, ya ɗaura su ƙarƙashin uwa, ya ba da hurumi, cikin daƙiƙu.

Lasisi ba ya ƙaruwa, shi ya sa ake ganinta da araha. Tsadarta a mutum take. Sikirif yakan zauna a kan wanda ya rubuta shi, ranar da ya tafi sai a tarar ba wanda ya san a wace kwamfuta yake gudana, da wane asusu, kuma me ya sa akwai layin da ke tsallake wasu sassa. Asusun da yake amfani da shi yana da ikon ba da hurumi, ke nan kalmar sirrinsa mabuɗin gidan ce gaba ɗaya. A ajiye ta a ma'ajiyar sirri, a yi amfani da OAuth, wato shiga da shaidar izini ta ɗan lokaci, a taƙaita ikon asusun.

Abu biyu nake dubawa a kowane irin wannan shiri. Shin yana tambaya ko rukunin yana nan kafin ya buɗe? In intanet ta yanke bayan an aika umarni kafin amsa ta dawo, shirin ya sake gwadawa, wanda bai yi wannan tambaya ba zai iya haifar da tagwaye ko ya tsaya a tsakiya. Sannan in rubutu na farko ya shiga na biyu ya gaza, me zai faru? Rukuni mai suna da manaja amma ba mambobi ya fi rashin rukuni muni, domin yana karɓar tikiti. Masu rubuta shiri a cikin ServiceNow kuma suna da wata ɗabi'a ta kashe dokokin da ke gudana bayan rubutu, da setWorkflow(false), don aikin ya yi sauri. A teburin mambobi wannan yana iya sa mutum ya bayyana cikin rukuni amma hurumin rukunin bai sauko masa ba, ya kira yana cewa ba ya ganin komai alhali sunansa na nan.

Shigo da jadawali

Ta huɗu ba ta da dogon bayani. A cika jadawalin Excel ko CSV, a loda ta Import Set, Transform Map ya rarraba. Ba kuɗi, ba wuya, kuma don ƙaura daga tsohon dandali ko haɗe ma'aikatu biyu ba abin da ya fi ta. Amma aikin rana ɗaya ce. Wanda ya mai da ita hanyar kullum ya koma aikin hannu ne da wani suna, ga shi kuskuren gurbi ɗaya yana shafar layi ɗari a lokaci guda. A gwada a dandalin gwaji tukuna, a tabbatar da gurbin da ake daidaitawa da shi, a duba ko an bar dokokin bayan rubutu a kunne.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Fom da amincewa | Kaɗan, sai in za a taɓa waje | Mai kyau | Matsakaici wajen gini, mai sauƙi ga mai nema | Hurumi fiye da kima, mambobi su tsufa |
| Kundin ma'aikata | Ya danganta da lasisin da ke hannu | Mai kyau in kundin tsaf yake | Yana buƙatar tawaga biyu | Ambaliyar rukunoni, rukuni tsirara |
| Sikirif | Ba lasisi, lokacin gwani | Gwargwadon kulawa | Sai mai rubuta shiri | Kalmar sirri, aiki rabi da rabi |
| Jadawali | Kusan babu | Na rana ɗaya | Mai sauƙi | Kuskure ɗaya ya yaɗu |

Teburin bai nuna wani abu da huɗun suka yi tarayya a kai ba: duk sun iya buɗewa, ba wadda ta iya rufewa da kanta yadda ya kamata. Share rukuni yana barin tsofaffin tikiti da gurbin da ba ya nuna kowa, rahotannin baya su lalace. Abin da ake yi shi ne a kashe shi ya daina bayyana, bayan an kwashe tikitin da ke buɗe an kuma gyara dokokin da ke tura masa aiki. Ko wace hanya ka ɗauka, ka haɗa da ɗan aikin da ke zagayowa yana zaƙulo rukunin da ba manaja, ko ba mamba, ko ya daɗe bai karɓi tikiti ba, ya aika wa wani ya yanke hukunci. A kuma tuna cewa a ServiceNow rukunin da ke ƙarƙashin wani yana gadon hurumin uwarsa, saboda haka gurbin uwa ba na ado ba ne.

Wa ya dace da wace

In buƙatun sabon rukuni kaɗan ne a wata, kuma damuwarka sunaye barkatai da rashin sanin wa ya amince, fom ya ishe ka, kada ka sayi komai. In ma'aikata suna da yawa, ana shiga ana fita, kuma kundinku yana da mai kula da shi da gaske, a ba kundi mambobi. In kundin naku shi ma a hargitse yake, haɗa shi da dandalin kwafo hargitsin ne kawai, a fara da fom har a share can.

Babbar ma'aikata mai masu bincike a kanta, a ganina haɗa biyun farko ne ya fi: fom ya karɓi buƙata da amincewa, ya buɗe rukunin a kundi, kundi ya turo shi da mambobinsa, sannan matakan su ɗora manaja da nau'i da hurumi. Ya fi tsada, yana kuma buƙatar a rubuta a fili wane gurbi na kundi ne wane na dandali, don kada zagayowar kundi ta goge abin da aka sa da rana.

Kamfanin da ke yi wa wasu kamfanoni hidima, wanda kowane sabon abokin ciniki ke buƙatar jerin rukunoni iri ɗaya, shi ne sikirif ya dace da shi, da sharaɗin a ajiye shirin inda tawaga ke gani kuma aƙalla mutum biyu su san shi. Mai ƙaura daga wani dandali kuwa ya loda jadawalinsa sau ɗaya, amma kafin ya loda ya aika wa kowane manaja layin rukuninsa ya tabbatar, wanda ba a samu mai tabbatar da shi ba a bar shi a tsohon wuri.